Kogin da Ba a Kallo

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba a kan tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya halicci mai wayo ya halicci wawa, sa'an nan ya zaunar da su gari ɗaya don kada mai wayo ya kwana da yunwa. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Cindo, wanda ya sha ruwan rijiya ɗari bai haƙa ko ɗaya ba, ya ci tuwon gari saba'in ba a taɓa ganin fartanya a kafaɗarsa ba. Ku gyara zama in ba ku labarin yadda na tafi neman sani, da yadda saura ƙiris in baro idanuna biyu a ƙasar mutane.

Asalin fitata kuwa kawuna ne, Barmo. Shi kaɗai ya san maganin harbin kunama a garinmu, saboda haka bai taɓa noma ba, kuma rumbunsa bai taɓa ganin gindinsa ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe masa buta. In muka je daji tonon saiwa sai ya ce in juya baya in rufe ido. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi na durƙusa na ce, "Kawu, zancen saiwar nan fa?"

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Gaggawar me kake yi, ɗan nema? Ka ga na mutu ne?"

Kafin la'asar ya cika. Aka binne shi da maganinsa, kunamun garinmu suka yi sallah. Ni kuwa na ɗaura wa jakina mangala na ce ba ni dawowa sai na samo wani sanin da zai zaunar da ni a inuwa kamar yadda ya zaunar da Kawu.

Na keta dajin da itatuwansa ke tashi da hantsi su tafi shan ruwa. Na ratsa faƙon jan gishiri, tafiyar kwana arba'in, inda tururuwa ta kai girman akuya har ana ɗora mata kaya. Garin farko da na sauka shi ne Birnin Toka. Nan gida ɗaya ne tak ya san yadda ake haifar wuta. Kowace safiya sai ka ga mata sun yi jerin gwano da kasake, suna durƙuso suna kirari, ana zuba musu garwashi bibbiyu kamar rabon naman layya. Wadda mijinta ya yi wa maigidan wutar kallon banza, ranar nan sai su sha gari da ruwan sanyi. Ni ban san dawan garin ba, na zauna tsakar kasuwa na cika lofena da taba, na ciro ƙyastu da ƙanƙara, na ce ƙyas! Kasuwa ta watse, wani mai tsire ya suma. Maigidan wuta ya zo yana kumfar baki yana cewa, "Ɓarawo! Ya saci 'yar wutarmu ya ɓoye ta cikin dutse!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka ne, a kai ni in mayar da ita wurin uwarta." Da aka kai ni gaban murhunsu sai na watsa barkono cikin tafin hannu guda. Ana tari ana hawaye, ni da jakina muka bi ta ƙofar baya.

Wata uku ina tafiya, har na iso Birnin Dumbu, a bakin Kogin Haɗiyau. Kai, Allah ya yi wawaye a duniya, amma na Dumbu da hannun dama aka ƙera su. Gidajensu duka suna gabas da kogi, gonakinsu duka suna yamma. An gina ganuwa biyu masu tsayin rimi, ɗaya wannan gaɓa ɗaya waccan, sun rufe kogin ruf, ko ƙyallin ruwansa ba a gani. Ƙofa ɗaya nan, ƙofa ɗaya can. Gida ɗaya ne kuma ya san mashigin da ake ƙetarewa, gidan Uban Mashigi Gagarau da 'ya'yansa bakwai.

Ga yadda ake yi. Da sassafe gari zai taru a ƙofar kogi, kowa da masakinsa, wato babbar ƙwarya. Sai kowa ya kifa ta a kansa har wuya, ya kama wata doguwar igiya, Gagarau ya riƙe bakinta ya ja su cikin ruwa. Dokarsu ita ce, duk wanda ya kalli Haɗiyau, kogin zai ƙwaƙule masa idanu. Daga baya na ji cewa in kogin ya yi nawa, akwai wanzamin gidan Gagarau da ke taimaka masa da aska. Kowane dami uku da aka girbe, ɗaya na Gagarau ne. Wanda ya saɓa masa kuwa sai a ce Uwar Kogi, aljanar ruwan, ba ta son warinsa bana, ya zauna gida ciyawa ta cinye gonarsa. Sarkin garin ma, in suka haɗu a hanya, shi ke fara gaisuwa.

Ranar da na fara ƙetarewa, na kifa masaki na kama igiya kamar kowa. Ruwa iya ƙirji, duhu cikin ƙwarya, ga muryar Gagarau kamar aradu: "Ga kada a dama! Ku matsa hagu! Dorina! Dorina! Kowa ya riƙe numfashi! Rami gaba, zurfinsa gaba dubu!" Sai ka ji ruwa ya yi facal, wani abu mai kaifi ya karce maka ƙafa, mata na salati, maza na kiran iyayensu. Daga hantsi sai rana tsaka muka fita. Na ce a raina, Nomau, ga sanin da ka fito nema.

Na je na faɗi gaban Gagarau na zama baransa. Shekara guda ina masa fifita, ina matsa masa ƙafa, in ya fara barkwanci in faɗi da dariya tun bai kai ƙarshe ba. Da shekara ta cika na ce, "Allah ya ja zamanin mai igiya, ko bakin zaren ne a ɗan nuna wa bawanka."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Nomau, ina aka binne cibiyarka?"

Na ce, "A garinmu, bayan rumbu."

Ya ce, "To, je ka tono ta ka kawo mu binne a gidan nan. In ta tsiro ta yi 'ya'ya, sai mu yi magana." 'Ya'yansa bakwai suka kwashe da dariya har da buga ƙafa.

Na yi dariya tare da su. Da na koma masauki sai na ɗauki basilla na huda masakina daidai idon dama, na toshe da kakin zuma. Gari ya waye muka shiga ruwa, Gagarau na ihu, "Kada a dama!" Na sa farce na ɓamɓare kakin, na leƙa.

Jama'a, kun san abin da na gani? Kogin Haɗiyau, mai haɗiye raƙumi da kayansa, wata 'yar ƙorama ce can gefe tana tsiyaya, wadda ɗan akuya zai tsallake bai jiƙa kofato ba. Mu kuwa cikin wani kududdufi muke, wanda kakannin Gagarau suka haƙa, ana ta zagayawa da mu kamar shanun sussuka. Dorinar kuwa babban ɗansa ne yana dukan ruwa da taɓarya. Kadan kuwa autansu ne, gemunsa har ƙirji, yana nutso yana karce ƙafafun mutane da reshen ƙaya. Gagarau kansa yana tafe gaba yana cin gyaɗa, sai ya haɗiye sa'an nan ya ce, "Rami gaba!"

Na danne dariya, na cije leɓe, na tuna mutuwar Kawu, duk a banza. Ta ƙwace. Kun san dariya cikin ƙwarya kuwa, kamar an buga ganga. Kafin in ce me, an fizge ni daga igiya. Gagarau ya ɗaga masakina, ya ga huji, ya ga hawayen dariya a kumatuna. Ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Ka more kallo, baƙo. Shi ne na ƙarshe."

Aka jefa ni cikin wani tsohon rumbu, aka ce ran kasuwa, kwana uku ke nan, za a kai ni gaban sarki, kogi ya karɓi haƙƙinsa. Ina jin wanzami yana wasa aska a dutse, ƙyaras, ƙyaras, don in ji. Ni kuwa na ce ba komai, ai gaban sarki za a kai ni, in na faɗi abin da na gani, Gagarau ne zai nemi wurin ɓuya.

Kwana na biyu da rana tsaka, wani tsoho ya zo ya zauna a inuwar rumbun da tarin ƙore gabansa. Baba Tunau ne, gyartan garin, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Yana ɗinki bai ɗago ba ya ce, "Kai mai dariya, me za ka ce gobe?"

Na sa baki a tsagar rumbu na ce, "Gaskiya zan faɗa, Baba. Babu kogi, babu kada, babu dorina!"

Ya ce, "To, Allah ya jiƙan idanunka. Ka samo ɗan jagora tun yanzu."

Na ce, "Haba Baba! In mutane suka ji?"

Ya tsinke zare da haƙori ya ce, "Yaro, shekara hamsin ina ɗinkin ƙwarya a garin nan. Ban taɓa karɓar masakin ƙetare ba da ban ga ɗan huji daidai ido ba. Wani ya toshe da kaki, wani da tuwo, wani da kashin akuya. Na sarki ma huji biyu gare shi, don kada ido ɗaya ya gaji."

Na ce, "Kana nufin duk sun gani?"

"Har kurman bakin kasuwa."

"To, me ya rufe musu baki?"

Ya ce, "Kowa na tsammanin shi kaɗai ya gani. In ya faɗa, ga aska. In ya yi shiru, yana tafe cikin ruwa yana jin daɗi a ransa, wai ya san abin da maƙwabcinsa bai sani ba. Kai kuma ka zo za ka tsaya gaban jama'a ka ce musu shekara da shekaru suna biyan dami a zagaya da su a kududdufi. Wanda ya fi kowa girman huji shi zai fara cewa a cire maka ido."

Can na ce, "Kai fa, Baba? Me ya hana ka faɗa?"

Ya tattara ƙorensa ya miƙe ya ce, "In suka daina kifa ƙwarya, uban wa zai kawo mini ɗinki?"

Ran kasuwa aka fito da ni. Gari ya cika ƙofar fada maƙil. Sarki na zaune, wani siriri mai idon ɓera, Gagarau na gefensa a kan buzun da ya fi na sarki kauri, wanzami na tsaye da aska tana walƙiya. Sarki ya ce, "Baƙo, an ce ka kalli Haɗiyau. Me ka gani?"

Na ga kowa ya sunkuyar da kai, wasu sun riga sun ɗauki duwatsu.

Na faɗi ƙasa na yi birgima, na miƙe ina makyarkyata na ce, "Allah ya ba ka nasara, na ga abin da baki ba ya iya faɗa! Na ga ruwa baƙi ƙirin, ba a hango gaɓarsa. Na ga kada mai kai bakwai, kowane kai da rawaninsa. Na ga dorinar da ƙauye guda ke zaune a bayanta, har da kasuwarsu. Uban Mashigi, kai ne shaida, haka ne ko ba haka ba?"

Gagarau ya yi turus. Ya dubi jama'a, ya dube ni. Ya ce, "Haka ne."

Jama'a suka ce, "Allahu akbar!" Na ji duwatsu suna faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Sa'an nan ruwa ya dare biyu, Uwar Kogi ta fito, gashinta har gadon baya, tana taunar goro da haƙoran zinariya. Uban Mashigi, ba haka take ba?"

Ya share gumi ya ce, "Haka... haka take. Amma doka doka ce. Wanzami!"

Na ce, "Tsaya, ranka ya daɗe. Wa ke cire idon wanda ya kalli kogi?"

Jama'a suka amsa, "Kogi!"

Na gwale idanuna da yatsu na juya gabas da yamma na ce, "Yau kwana uku. Ga su nan, ko tsinke bai faɗa ciki ba. Mai haɗiye raƙumi ce za ta kasa ƙwayar ido biyu, sai an aro mata askar wanzami? Ita ta bar mini su. Dariyar da kuka ji kuwa, cakulkuli ta yi mini don in san ba ta fushi da ni. Cewa ta yi in kawo saƙo, kuma duk hannun da ya taɓa idon manzonta, za ta rufe mashigi shekara bakwai."

Wanzami ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ja da baya har ya taka wata mai daddawa.

Sarki ya gyara zama, idanun ɓeran nan suka fara ƙyalli. Ya ce, "Mene ne saƙon?"

Na ce, "Cewa ta yi ita mace ce mai kunya. Shekara arba'in wani ƙaton gardi da 'ya'yansa bakwai suna shiga mata ɗaki ido buɗe tana wanka. Ta gaji. Daga yau su ma su kifa ƙwarya kamar kowa."

Gagarau ya zabura ya ce, "Ƙarya yake! Ba ta taɓa faɗa mini haka ba!"

Na ce, "Ta ce za ka faɗi haka. Ai gaba take yi da kai, shi ya sa. Amma in kana ganin babu ita, ko ba ta magana, ga jama'a nan, faɗa musu."

Gagarau ya koma kan buzunsa ya zauna. Sarki kuwa, wanda ya shekara ashirin yana fara gaisuwa, ya ɗaga hannu ya ce, "Wa ya isa ya ja da Uwar Kogi? A kawo wa Uban Mashigi masaki takwas. Gobe baƙo ne zai riƙe igiya, kuma kowa ya fito, har ni."

Da yamma sai ga kaji da ƙwai da fura suna shigowa masaukina. Wannan ya ce in tambayar masa Uwar Kogi ko matarsa za ta haifi namiji, wancan ya ce in kai ƙarar maƙwabcinsa. Waɗanda suka ɗauko duwatsu da safe su ne suka fi kowa durƙuso. Na ci kaza biyu na yi gyatsa, na ce lalle ga inuwar Kawu ta samu. Amma da na tuna askar nan tana cikin zabira ne kawai, ba a jefa ta rijiya ba, kuma Gagarau na da 'ya'ya bakwai ni kuwa jaki ɗaya gare ni, sai na ɗaure mangala tun rana ba ta faɗi ba.

Gari ya waye, Dumbu duka ta hallara a ƙofar kogi. Sarki ya kifa masakinsa mai zanen azurfa, fadawa suka kifa nasu. Gagarau da 'ya'yansa suka kifa sababbi fil, su kaɗai ne a garin da ƙwaryarsu ba huji. Na sa Gagarau ya kama igiya daga can ƙarshe, na riƙe bakinta, na ja su cikin kududdufi, jakina na biye da ni. Na zagaya da su sau ɗaya, har na iso bayan Gagarau. Sai na ɗaure bakin igiyar a ɗamararsa tamau, na ce, "Kowa ya bi na gabansa, wanda ya tsaya kada ya gan shi!"

Na fita daga ruwa, na tsallake Kogin Haɗiyau da taki ɗaya, jakina ma bai ɗaga kunne ba. Na hau kan ganuwar yamma na zauna, na ɓare dafaffen ƙwai.

Ga gari guda yana zagaye, na gaba na bin na baya, na baya na bin na gaba. Ba mai dukan ruwa, ba mai ƙaya, amma da ƙafar wani ta taɓa ta wani sai ka ji, "Wayyo, kada!" Ina hango ƙananan hujoji suna juyowa wajena, ɗaruruwa, na sarki biyu. Duk suna ganina a kan ganuwa ina cin ƙwai. Duk sun ga ƙullin igiya. Ba wanda ya ce uffan, kowa na jira wani ya fara. Gagarau da 'ya'yansa kaɗai ne ba sa gani, shi yana ta sheƙa yana cewa, "Baƙo, ba mu kusa ba?" Fadawan sarki na amsa masa, "Yi shiru, mun kusa!"

Na zauna har azahar. Da ƙwai ya ƙare na kakkaɓe hannu, na haɗa tafi a baki na ƙwala ihu, "Dorina a hagu!" Suka yi salati baki ɗaya, suka matsa dama.

Na sauko na kora jakina muka nufi yamma. Har na hau tudun da ke bayan gonaki, rana ta yi ja, ina jiyo facal, facal. Ko sun tsaya ranar, ko sun kwana, ko har yanzu suna nan, wanda ya bi ta Dumbu ya zo ya ba mu labari. Ni dai na fito da idanuna biyu, da su nake kallonku yanzu. Labari ya tuƙe nan, mai goro ya miƙo, maƙogwaro ya bushe.